Ranar da Malamai Suka Ƙi Maganar Mudir a Gadarif

Na kai ɗana Gadarif don ya karɓo takardar gama jami'a. Na dawo babu takardar, shi ma na baro shi can. Ku da kuke ta tare ni a ƙofar masallaci da bakin kanal na ban ruwa kuna tambaya, ga yadda aka yi. Sau ɗaya zan faɗa.

Muna sallame asuba muka bar Fau. Ni da shi, da jarka guda ta man riɗi, matsin raƙumi ba na inji ba, da goro ƙunshe a jiƙaƙƙen tsumma. Uwarsa ta rako mu bakin ƙofa. Ni ta kalla ta ce kada in dawo mata da labari, takarda take so.

Sai na faɗi dalili. 'Ya'yana maza biyu ne. Babban ya shiga 'yan sa-kai lokacin da yaƙi ya matso mu, aka kawo mana takalmansa da wayarsa. Wannan ƙaramin yana karatun aikin gona a wata jami'a ta Khartum, saura masa shekara guda yaƙi ya watsa su. Ya dawo gida ya zauna, zaman ya yi tsawo. Na fara ganinsa da yamma a gefen filin da ake koya wa samari bindiga, yana tsaye, hannu a aljihu. Haka yayansa ya fara. Ƙanen uwarsa yana aiki a wata gona a Saudiyya, ya samo masa gurbi, amma mai gonar ya ce sai da takardar jami'a, kuma ba zai jira damina ta wuce ba. Ana nan muka ji jami'ar ta sauka a Gadarif, ta ari ɗakuna a wata makaranta, kuma shugabanta, wanda suke kira mudir, yana so a yi wa 'yan shekarar ƙarshe jarrabawa ta waya a sallame su kafin ruwa ya sauka. Abin da ya tashe ni ke nan. Ya karɓi takarda, ya hau jirgi, ya bar ƙasar nan da ransa.

Motar ba ta tashi ba sai da rana ta fito, don direba ya rantse ba zai motsa da kujera ɗaya babu mutum ba. Abin da na biya mana mu biyu, kafin yaƙi da shi ake sayen akuya mai ciki. Kwandasta ya ce jarkar ma sai ta biya. Na matse ta tsakanin ƙafafuna na ce masa ƙafata ce ta uku. Ya dube ni, ya wuce. Rabin mutanen motar ba su da tsabar kuɗi, ta waya suke biya, ga shi babu layi. Kowa ya miƙa wayarsa ta taga sama kamar masu roƙon ruwa.

Da duwatsun Fau suka koma bayanmu babu sauran abin kallo sai ƙasa. Baƙa, shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ta tsattsage tana jiran ruwa, wani tsagin hannu zai shige har gwiwa. Can da can tarakta a tsaye, makanikai a ƙarƙashinta. Bukkokin kambo, inda mu 'yan ƙodago muke kwana lokacin aiki, iska ta yaye wa da yawa kai, ba a gyara ba tukuna. Na san wannan ƙasa tun ina iya ɗaukar buhu ba tare da an ɗora mini ba. Ɗana yana ta nuna mini abubuwa yana kiran sunayensu na makaranta. Na bar shi.

Shingen sojoji ba su ƙirguwa. A kowanne sai a sauke maza a duba takardu. Ni kallo ɗaya suke yi mini, shi kuwa sai su daɗe. A wani shingen wani soja, sa'an yayansa, ya dafa kafaɗarsa ya ce saurayi mai ƙirji haka me yake yi a cikin mota tare da tsofaffi. Ɗana ya yi dariya. Ban so dariyar ba. Sojan ya tsoma tsinke a man riɗin ya lasa, ya tambaye ni inda ake matsa shi. Na faɗa masa, ya ce idan yaƙi ya ƙare zai zo saye.

Mun karya a wata rumfa a bakin hanya, wake da gurasa da ɗan mai, sai shayi. Mai shayin daga Madani ta gudo. Yadda take wanke kofi da tafasasshen ruwa ya sa na tambaye ta, ta ce da a asibiti take aiki. Ban ƙara tambaya ba. Yanzu kowa da abin da yake da.

Gadarif ana hango ta tun daga nesa da manyan rumbunan hatsin nan na siminti. Garin ya cika ya batse. Kowane masallaci, kowace makaranta, akwai iyali a ciki da shanya a igiya. Jakunan ruwa suna jan ganga, mutane na bin su da jarkoki suna ciniki kamar nama ake sayarwa. Mun sauka wurin ɗan baffana a unguwar mutanenmu Hausawa, ya sa aka kawo agashe mai yaji har hanci ya tsiyaya. Ya ji abin da ya kawo ni, ya duba man riɗin, ya ce daidai ne, babba ba a je masa hannu sake.

Makarantar ta 'yan mata ce a da. Rabinta 'yan gudun hijira ne, jami'a ta samu ɗakuna kaɗan a ɓangaren gabas. Ofishin mudir ɗakin ajiyar tsintsiya ne, har yanzu akwai warinsu. Dattijo ne siriri, wando na bature, silifas na roba. Na yi yadda muka gada. Na cire takalmi, na durƙusa, na ajiye goro da jarka a gabansa, na gaishe shi har gaisuwa ta ƙare, sannan na faɗi buƙata. Ya ce in ɗauke kayana. Na ce abin da na ajiye ba na ɗauka. Ya yi murmushi, ya sa aka kawo mini kujera, ya saurari maganar yayan yaron har ƙarshe bai katse ni ba. Sai ya dafa ƙirji ya ce abin da nake so shi yake so, gobe majalisar malamai za ta zauna, kuma yana tare da ni.

Ni duk rayuwata a ƙarƙashin masu gona na yi ta. Mai gona in ya dafa ƙirji, magana ta ƙare. Wakili da direba da mu 'yan ƙodago, namu aikatawa. In ya ce a yanke riɗi ɗanye, mu yanke, asarar tasa ce. Don haka da la'asar na kira uwar yaron na ce mata an gama. Ɗana yana gefe, ya bari na kashe waya sannan ya ce ba a gama ba, malamai ba su zauna ba. Na ce malamai ai ma'aikatan mudir ne, shi ke biyan su.

"Baba, ai ko biyan ma ba ya yi," in ji shi.

Washegari na tafi don in ga an buga hatimi. A aji aka yi taron. Tagogin babu gilashi babu marfi, don haka muka taru a waje ƙarƙashin dalbejiya, iyaye da ɗalibai, kowa ya samu bulo ya zauna. Na zaɓi gindin taga. Malaman ba su cika ajin ba. Ɗaya da kansa ya tuƙo keken haya, ya sauke fasinja a bakin ƙofa, ya karɓi kuɗinsa, ya shigo. Ɗana ya ce dakta ne na cututtukan shuka. Wani kuma ya wuce ta gabana yana warin albasa, a kasuwa yake wuni. Suka matsu a bencin 'yan mata, gwiwoyinsu na taɓa tebur.

Mudir ya fara. Ban ga aibin maganarsa ba, har yau ban gani ba. Ya ce yaran nan shekarunsu sun zube a ƙasa ba da laifinsu ba. Ya ce gonar jami'a tana can an sace har famfunan ruwa, babu tarakta, babu kuɗin mai, na sama da shi kuma suna matsa masa ya rufe wannan aji. Ya ce a yi musu tambayoyi ta waya, a ba su takarda, su je su ciyar da iyayensu. Mai keken haya ya miƙe ya goyi bayansa. Ya ce shi 'ya'yansa sau ɗaya suke cin abinci, ba zai tsaya yana wa 'ya'yan wasu tsauri ba. Wani tsoho ya ce jarrabawar waya, waya ce za ta ci, ba yaro ba. Aka yi dariya kaɗan.

Sai wata mace ta miƙe. Gajeriya, mayafinta ya koɗe, muryarta ba ta da ƙarfi, sai da na kara kunne. Ita ke koyar da sanin ƙasar noma. Ta ce yaran nan ba su taɓa raka shuka daga iri zuwa buhu a gaban malami ba, shekarar da ake yin haka ita ce yaƙi ya cinye. Ta ce ta samo wani manomi a wajen Basunda ya yarda ya ara musu fili da bukkoki, a kai su su yi damina cikakkiya, malamai su kwana inda suka kwana, sannan a yi jarrabawa bayan an yanke riɗi. Mudir ya bugi tebur ya ce da wane kuɗi, da wace mota.

"Kuɗi da mota da hatimi naka ne, Furofesa," ta ce. "Wanda ya iya da wanda bai iya ba, mu za mu faɗa."

Na jira in ga an kore ta. A gona, wanda ya gaya wa mai gona haka, kafin azahar ya naɗe tabarmarsa. Mudir ya sha ruwa, ya ce a je a yi salla, in an dawo a ɗaga hannu.

A wajen alwala na ji ta tana waya da Hausa, tana yi wa wani faɗa kan ya ɗaure tunkiya. Raina ya yi sanyi, na ce ashe 'yar gida ce. Na tare ta na gaishe ta, na tambayi mutanenta, ta faɗa, har na gano kakanta da kakana hanya ɗaya ta kawo su daga yamma. A wurinmu in aka kai nan an gama rabin magana. Na ce mata ita tamu ce, yaron nan ƙanenta ne, ta sassauta. Ta ce ta san shi, yana da kai. Na ce a gona aka haife shi. Ta ce ta sani, amma ba shi kaɗai ba ne a ajin, akwai waɗanda ba su san dawa da gero ba sai a tuwo. Sai na faɗa mata maganar takalman yayansa. Ta dubi butar hannunta. Ta ce nata ƙanen ko takalman ba a kawo ba.

"Baba, in na sa hannu a kan abin da ban gani ba, takardarsa da ta duk wanda ya wuce ta hannunmu ta zama ta naɗe ƙosai."

Na ce mata ni yaro nake so da rai, ba ruwana da abin da za a naɗe da takarda. Ta ce ta ji. Ta shige aji.

Aka ce masu goyon bayan mudir su ɗaga hannu. Hannaye suka tashi, ba yawa. Ban san lokacin da na miƙe na zura nawa ta taga ba, har kafaɗa. Mai ƙirgawa yana tafe yana nunawa da alƙalami, ya iso kaina ya tsaya.

"Ya Haj, kai wane darasi kake koyarwa?"

Ajin ya ɗauki dariya, har na waje. Mudir ma ya yi, ya ce a duk hannayen nan nawa ne kaɗai ya tashi da zuciya ɗaya. Ɗana ya ja rigata ta baya na zauna. Sannan aka kira na ɗaya ɓangaren. Ban tsaya jin ƙirga ba, ido ya isa. Sun fi yawa.

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa gani ba. Mudir ya ce shi bai yarda da wannan hukunci ba, a rubuta cewa bai yarda ba, amma zai sa hannu ya kai shi sama a matsayin maganar majalisa. Ya ce kuma su sani ba shi da mai, ba shi da abinci, wannan ɓangarensa ne kuma babu komai a ciki. Suka ce sun ji. Aka yi fatiha aka tashi. Babu wanda ya naɗe tabarma.

Na same shi a ɗakin tsintsiya. Ban zauna ba. Na ce ranka ya daɗe, jiya ka dafa ƙirji. Ya ce ya dafa, kuma na ga ya yi iyakar yinsa. Na tambaye shi me ya hana shi korar matar nan. Ya ce in ya kore ta wa zai koyar da ƙasa. Ya ce shi yau ne a kujerar, gobe wani ne, kuma in mudir shi kaɗai ke cewa wane ya ci wane ya faɗi, wata rana za a samu wanda zai sa wa abin farashi. Ya nuna jarkar a kusurwa ya ce tunda na ƙi ɗauka, ya san inda zai kai ta. Na fita ban yi sallama mai tsawo ba.

Mun kira kawun yaron a Saudiyya. Ya ce mai gona ba zai jira ba, akwai wani ɗan Masar da takardarsa a hannu. Wannan ƙofa ta rufe, kuma malaman nan ne suka rufe ta. Ban ɓoye wa kowa haka ba.

Na ce wa ɗana ya tattara mu koma Fau. Ya ce shi Basunda za shi. Na tuna masa wajen nan bakin iyakar Habasha ne, da 'yan fashin daji, da zazzaɓin da ke kumbura saifa. Ya ce ni ma na yi damina a can ban mutu ba. Muna zaune a gaban mai kofi, tana daka citta. Na ce ya rantse mini ba zai je wurin masu bindiga ba. Ya ce daga nan har a yanke riɗi ba shi da lokacin kowa.

"Bayan nan fa?"

"Jarrabawa."

"Bayan jarrabawa?"

Ya ɗauki kofinsa ya sha. Ban sake tambaya ba.

Na ƙara kwana don in ga tashinsu. Na zaga kasuwa na saya masa gidan sauro mai ƙananan ido da takalmin roba na laka. Kasuwar amfanin gona fayau take a wannan lokaci, dillalai na kwance a kan ma'auni suna korar ƙuda, kowa na kallon gabas yana lissafin hadari. Lorin da ya zo ɗaukarsu na manomin ne, tsoho, ana tura shi kafin ya tashi. Malaman sun yi karo-karo sun sayi dawa da busasshiyar kuɓewa da albasa, albasar daga wurin ɗan'uwansu mai wuni a kasuwa, ya ce bashi ce amma kada a tuna masa. Ɗalibai suka hau kan buhuna, mata a gaba maza a baya. Malamar ƙasa ta zauna kusa da direba. Da na leƙa na ga jarkata tsakanin ƙafafunta, ta matse ta yadda na matse ta a mota. Ta ce mudir ya aiko, ta miyar yara ce. Ta ce in na so in zo lokacin shuka in gani. Na ce ina da aikina.

Ana shirin turawa sai ga mai keken haya da tabarma a hammata. Shi da ya ɗaga hannu tare da ni. Ya bar wa surukinsa keken, ya kama ƙarfe ya hau. Na ce masa Dakta, ai kai ba ka yarda ba. Ya ce bai yarda ba, har yanzu bai yarda ba, amma majalisa ta yanke, kuma tsutsa ba za ta jira ya huce ba. Muka tura lorin, ni ma na sa kafaɗa. Ɗana ya ɗaga mini hannu daga saman buhu, ya juya yana magana da na kusa da shi.

A hanyar dawowa ruwan farko ya same mu kafin duwatsun Fau. Ƙasa ta yi ƙamshi, tsagin nan suka fara haɗe baki, motar da ta kuskure ta sauka daga kwalta ta kafe nan take. Sojojin shinge sun fake a ƙarƙashin leda, ba su sauke kowa ba. Kujerar gefena wata tsohuwa ce da kaji.

Uwarsa ta hango ni ni kaɗai, ta tsaya da muciya a hannu. Na ce mata yana raye, yana gona, babu takarda, babu Saudiyya. Ta tambaya wa ya hana. Na ce malamai. Ta ce ba na ce babbansu ya yarda ba. Na ce ya yarda. Ta dube ni kamar na sha wani abu, ta koma kan tukunya.

Abin da na gano ba shi da yawa. Akwai gidan da babba ba ya gama magana shi kaɗai, kuma in za ka roƙa a irin wannan gida, jarka ɗaya ba ta isa, ƙila ma ba a roƙon. Ban ce malaman sun yi daidai ba. Sun hana ɗana jirgi, kuma in wani abu ya same shi na san fuskokinsu. Amma abin da suka yanke sun bi shi da ƙafarsu har cikin laka, wanda ya yarda da wanda bai yarda ba. Na yi wa masu gona aiki har gashina ya yi fari, ban ga wanda ya kwana a kambo ba.

Yanzu ina Fau. An fara shuka, ina bin tarakta a gonar wani. Da yamma nakan bi ta gefen filin nan da ake koya wa samari bindiga, in duba masu tsayuwa hannu a aljihu. Ba ya cikinsu. Riɗi bai ko fito ba tukuna.